Muna haƙa sokawe a gidanmu na gindin Dala mun ci karo da randa da ƙasusuwa, ya za mu yi?

Ɗan_Gindin_Dala

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min da shawara, abin ya ɗan ɗaure min kai.

Gidanmu na gado ne a nan gindin Dala, tun kakan babanmu ake ciki. Da duk ginin ƙasa ne, aka dinga rushewa kaɗan-kaɗan ana sa bulo, yanzu zaure ɗaya da soron kaka ne kawai suka rage na ƙasa. To satin da ya wuce muka kira masu haƙa za a yi sabon sokawe a bayan ɗakin Umma dan tsohon ya cika. Ranar farko ba wani abu, ledoji ne da kwalabe da wani tsohon kwanon sha duk ya yi tsatsa. Da aka wuce kamar ƙafa uku sai ƙasar ta canza ta koma baƙa-baƙa kamar toka, tsingaro kuwa kamar an zuba da gayya, kowane kwanon sarki aka miƙo sai ka ga fasassun tukwane a ciki, wasu da zane a jiki kamar an mirgina igiya a kai. A nan wajen yaron da yake kwashe ƙasa ya tsinci kan lofe na yumɓu da wuri guda huɗu.

Rana ta uku, wajen ƙafa bakwai, diga ta daki wani abu ya ce ƙwas. Ashe randa ce a tsaye an kife bakinta da kasko, digar ta fasa mata kafaɗa. Kafin in sauko daga sama wlh har mai haƙan ya zura hannu ciki har gwiwar hannu wai ko zinare ne, ba komai sai ƙasa mai laushi. A gefenta akwai wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe masu nauyi kamar dutse amma da ramuka a jiki kamar an tafasa su, sannan ga ƙasusuwa, ni dai ban san na mutum ne ko na dabba ba, ban iya tsayawa na ƙare musu kallo ba gaskiya.

Yanzu gida ya rabu uku. Baffa ya ce a mayar da ƙasa a rufe kar wanda ya ji, wai in gwamnati ta ji za ta ce gidan kayan tarihi ne ta ƙwace. Umma ta ce ita dai a yi sauka a yi sadaka dan ba ta yarda da wajen ba, tun ranar ba ta kwana a ɗakin ba. Ɗaya daga cikin leburorin kuma ya ja ni gefe wai ya san mai sayen irin waɗannan kaya. Ni abin da nake so in sani, akwai yadda za a gane shekarun abin nan? Kuma wa ake gaya wa, da gaske ana ƙwace gida? Ƙasusuwan kuma ya ya kamata a yi da su?

Kwankwasa_Ƙofa

Hhhh malam ka duba da kyau ko tukunyar da Barbushe yake dafa wa Tsumburbura fate ce. In ka ji ana kiran sunanka da daddare kar ka amsa. Amma batun gaskiya ka rabu da wannan leburan, irinsu ne suke sa mutum a uku.

Mai_Bin_Kufai

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kafin komai, dan girman Allah a tsayar da haƙan nan yau, kar a sake sa diga, kar a ciro randar, kar a wanke komai. Na karanta ilimin kufai a ABU Zariya, duk da yanzu wani aikin nake ci da shi, kuma abin da ka bayyana ya sa na ajiye abin da nake yi.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne, ita randar a karan kanta ba wata tsiya ba ce, in ka ciro ta ka ajiye a tsakar gida ta zama tsohuwar randa kawai irin wadda za ka gani a ɗakin kowace tsohuwa. Darajarta tana inda take zaune, me ke samanta, me ke ƙasanta, me ke gefenta. Ƙasa hawa-hawa take taruwa, na ƙasa ya girmi na sama in dai ba wani ya taɓa haƙa rami ya hargitsa ba, kai da kanka ka karanta mana ita ba ka sani ba: leda a sama, toka da tsingaro da lofe a tsakiya, randa da baƙin dutse a ƙasa. To shi lofen nan shaida ne babba, dan taba ba tamu ba ce, daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta iso ƙasashen nan ba sai wajen shekarar 1600. Kenan hawan da aka samu lofen ba zai girmi wannan lokacin ba, abin da ke ƙarƙashinsa kuma ya riga shi zuwa. Wurin ma haka, littafin tarihin Kano ɗin nan na Larabci da Palmer, wani Baturen mulkin mallaka, ya fassara a 1908 ya ce a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ka ga tun ba a je ɗakin gwaji ba an fara samun bakin zare.

Baƙaƙen dunƙulen nan kuwa kashin tama ne, wasu su ce kashin maƙera, dattin da yake saura in an narka tama an fitar da ƙarfe. Kuma wannan ne ya fi tsaya min a rai saboda inda gidanku yake. A gindin Dala an taɓa samun murhun narka tama, aka gwada gawayinsa ya nuna wajen ƙarni na 7 miladiyya, alhali lissafin sarakuna ya fara ne da Bagauda a 999. Wato sama da shekara ɗari uku kafin Bagauda akwai mutane a nan suna haƙar tama suna hura wuta suna fitar da ƙarfe. Labarin da muka taso muna ji cewa Abagayawa maƙera ne da suka zo daga Gaya neman tama, ƙasa ba ta ƙaryata shi ba, sai dai ita ƙasa ba ta faɗar sunan kowa. Ban ce naku ya kai wannan shekarun ba fa, kar gobe a ce an gano gidan Barbushe. Kashin tama ba ya ruɓewa, mutane suna kwasarsa su yi cikon rami ko su zuba a harsashin gini, zai iya yiwuwa daga wani wajen aka kwaso shi. Mai sani ne zai duba ko akwai ƙonanniyar ƙasa ja a wajen da fasassun bututun yumɓu da ake hura iska ta ciki, in akwai to a nan aka yi aikin.

Maganar gane shekaru, gwajin kabon ake yi. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in kabon da ake kira kabon 14, ranar da ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yana tafiya duk shekara 5,730, to ragowar ake aunawa a yi lissafi. Saboda haka ba a yi wa dutse ko ƙarfe, sai gawayi, ƙashi, ƙwayar hatsi da ta ƙone, irin su. Kuma ba ya ba ka rana da wata, tazara yake bayarwa, a ce tsakanin shekara kaza da kaza. Wannan ƙasar mai laushi da mutuminku ya zura hannu a ciki, da an bar ta, ita za a tankaɗe a ga ko akwai ƙonannen gero ko dawa, amma dai ba a yi asarar duka ba tunda ba juye ta ya yi ba.

Abin da za ka yi yanzu da wayarka: ka ɗau hoton ramin daga sama da kuma bangonsa ta kowane gefe, ka jingina tef ɗin awo ko sanda da ka san tsawonta dan a ga zurfi, ka rubuta a takarda me aka samu a ƙafa nawa tun ba ka manta ba. Tsingaron da aka riga aka fitar a zuba a buhu daban, lofen da wurin a leda daban. Gawayi in ka gani a bango kar ka taɓa da hannu.

Wanda ake gaya wa kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce, wadda dokar 1979 ta kafa, Gidan Makama ƙarƙashinta yake, ga shi nan kusa da gidan Sarki. Akwai kuma hukumar tarihi da al'adu ta jiha a Gidan Ɗan Hausa. Doka ta hana a yi haƙan neman kayan tarihi ba izini, ta hana sayar wa kowa sai hukumar ko wanda ta amince wa, ta hana fitar da su waje, to ka ga inda leburan nan yake son kai ka. Ka gaya wa Baffa cikin ladabi, in da duk gidan da aka samu tsingaro ƙwacewa ake yi da ba wanda zai saura a cikin badala, dan duk birnin nan a kan tsingaro yake zaune.

Almajirin_Madabo

Malam Mai_Bin_Kufai Allah ya ƙara sani, mun ƙaru. Sai dai ina ga ka yi saurin wuce maganar ƙasusuwan, kuma a wajena ita ce gaba da komai.

Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a Kano ya san da me muke rufe ƙaramin ramin kabari, ai da fasassun tukwane ne ko itace kafin a sa danyar ƙasa a toshe. Kuma a cikin gari da can ana binne mutane a cikin gida, musamman malamai da jarirai, har yau akwai gidajen da za a nuna maka ɗaki a ce kushewar wane ce a ciki. To tukunya da ƙashi a waje ɗaya a gidan gado, kafin a tafi ƙarni na 7 a fara tambaya ko kakan kakanku ne yake kwance a wajen. Hadisi ya tabbata daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Ba a wasa da wannan.

Yadda za a gane ba wuya, Musulmi a gefen dama ake kwantar da shi fuska na kallon alƙibla, a nan garin kenan kai yana kudu ƙafa arewa fuska gabas, kuma ba a binne shi da kaya. In haka aka gani to a mayar a rufe a yi masa addu'a a canza wa sokawe waje, dan ba yadda za a yi a zuba najasa a kan bawan Allah. In kuma ta tabbata na mutanen da ne kafin Musulunci hukuncin ya sha bamban, ai filin da aka gina masallacin Annabi (SAW) a Madina akwai kaburburan mushirikai a ciki aka tone su, yana cikin Bukhari. Amma ko su ɗin ba a ce a yi ta wulaƙanta su yara suna ƙwallo da ƙoƙon kai ba.

Shi kuma mai neman zinare a gaya masa ko da ya samu ba nasa ba ne shi kaɗai, dukiyar jahiliyya da aka binne sunanta rikazi kuma akwai humusi a kanta, ɗaya bisa biyar. Umma kuma a kwantar mata da hankali, sadaka alheri ce a yi, amma randa ba ta kama mutum.

Mai_Bin_Kufai

Allah gafarta Malam ka yi gaskiya, na karɓi gyara. Mu ma a wajen aiki yadda aka kwantar da mutum shi muke fara dubawa, kuma da shi ake gane lokacin da Musulunci ya kama ƙasa a waje, dan littafi zai ce maka Wangarawa sun zo zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, amma yaushe talaka a unguwa ya fara binne nasa yana kallon gabas, wannan sai kushewa ce za ta faɗa. Sai dai daga yadda ya ce akwai toka da tsingaro da yawa ni na fi zaton tsohon juji ne, ƙasusuwan kuma na abin da aka ci ne. Randar kabari a fashe ake kifa ta, tasa kuwa a tsaye take da murfi. A nemo wani dattijon mahauci ko ma'aikacin asibiti ya leƙa ba tare da an ciro ba, haƙori da muƙamuƙi kaɗai sun isa su raba gardama.

Jikan_Magini

Ni ba boko na yi a kan wannan ba amma kakana magini ne, babana ma da shi ya fara kafin siminti ya kashe sana'ar, to bari in sa baki a inda na sani.

Ɗan_Gindin_Dala ka lura da zauren nan naku na ƙasa, na tabbata in za ka shiga sai ka sauka taki ɗaya ko biyu, titi ya fi shi tudu. Ba zauren ne ya nutse ba, gari ne ya hau. Ginin tubali in ya faɗi ba a kwashe shi a kai bola, a nan ake baje shi a daddaɓe a ɗora sabo a kai, wani lokacin ma tsohuwar ƙasar ake jiƙawa a sake cuɗawa da ciyawa a yi sabon tubali da ita. Haka aka yi ta yi ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa ƙafa bakwai a cikin gari ba daidai take da ƙafa bakwai a Hotoro ko Rijiyar Zaki ba, can kana sauka kaɗan ka tarar da jar ƙasar Allah, nan kuwa duk abin da ka haƙo hannun mutum ya taɓa shi. Kuma wannan sake cuɗa ƙasar yana nufin za ka iya samun tsohon tsingaro a cikin katangar da ba ta wuce shekara sittin ba, Malam na Zariya sai ku dinga lura da wannan.

Randa a binne kuma ba abin mamaki ba ne a gidan da. Ana binne ta har wuya dan ruwa ya yi sanyi, ana binne ta a ɓoye wuri ko hatsi saboda gobara da ɓarayi, masu rini da majema ma suna da nasu. Kakata har ta rasu randarta rabi a ƙasa take a ƙarƙashin rumfa.

Abin da yake ƙona min rai shi ne ku kuna ta tattalin randa ɗaya, ga badala can ana cinye ta da rana tsaka. Ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ya fara tsakanin 1095 da 1134, Rumfa ya faɗaɗa, Muhammadu Nazaki ya ƙara, wadda Gwamna Lugga da kansa da ya zo a 1903 ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Tun tuni aka ce kayan tarihin ƙasa ce, a 2007 aka sa ta a jerin jiran shiga wuraren tarihin duniya na UNESCO tare da Dala da Kurmi da gidan Sarki, to yau bi ta daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya zuwa Kabuga ka ƙirga inda ta rage. Wani ya yanka ya yi shago, wani ya ɗebi ƙasar ya yi bulo, wani ya mayar da ita bola. Ita kanta Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta dan faɗaɗa titi aka sake gina wata. Sabuwar ba laifi a ido amma ba ita ba ce, hannun da ya yi waccan daban. Kuma mu daina cewa gwamnati kaɗai, wanda ya kai tifa da daddare ɗan unguwa ne, mun san su suna sahun gaba a masallaci.

Kududdufan da aka cike aka yi filoti kuma su ne ramukan da aka ɗebi ƙasar gina garin, su suke shanye ruwan sama. An cike su, yanzu duk Agusta muna kwashe ruwa da bokiti a ɗaki muna cewa ƙaddara. Babana yana cewa ginin ƙasa ba ya tsufa sai an daina yi masa yaɓe, soro mai azara da daurin guga in ana gyara indararo ana shafa makuba zai binne jikokin wanda ya gina shi. Dan Allah wannan soron kakar taku kar ku rushe shi.

Gaskiya_Ɗaci

Ni fa duk wannan dogon turancin bai gamsar da ni ba. A kira su su zo su kwashe su kai Turai mu kuma a bar mu da rami? Ina kayan Benin da aka kwashe tun 1897, sai yanzu ake ta roƙo ana dawo da su ɗaya-ɗaya. Baffa ya fi ku gaskiya, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. A rufe kawai. Kuma me sanin shekarun randa zai ƙara wa mutum a wannan tsadar rayuwar?

Mai_Bin_Kufai

Yallabai na Benin ganimar yaƙi ce, sojoji suka kwasa da bindiga, ba haƙan bincike ba ne. Kuma yawancin abin da yake fita yanzu mu muke fitar da shi. A shekarun 1990 an yi ta haƙe Kwatarkwashi da ƙasar Nok ana sayar da mutum-mutumin yumɓu ga dillalai, kayan suna can a gidajen masu kuɗi a Turai, ramukan suna nan, kuma ba wanda zai taɓa sanin me ke gefensu dan wanda ya haƙa, kan mutum-mutumin kawai yake nema ya fasa sauran. Irin leburan can ne dai.

Ga misalin inda aka bi hanya. Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, wajen Mani, tuddai ne na kaburburan manya. Palmer ya fara tona a 1907, sannan a 1992 aka sake haƙa uku, aka ɗebo su da ƙasarsu gaba ɗaya aka kai Mainz a Jamus aka buɗe a hankali a ɗakin gwaji, daga baya aka dawo da kayan Najeriya. An samu zinare, duwatsun wuya, warwaron hauren giwa, da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen gabas, ga kuma wuri, a kabarin da ya girmi Sharefa da ɗaruruwan shekaru. Ka ga kenan maganar da na kawo a sama ta littafi sai an yi mata gyara, wuri ya riga zuwa a matsayin ado, zamansa kuɗin kasuwa ne ya zo daga baya. Da dillali ne ya riga isa wajen, zinaren zai narkar ya watsar da wurin.

Kwalekwalen Dufuna ma a Yobe, makiyayi ne yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da itace, maimakon ya faskara ya kai rahoto, aka gwada aka ga ya kai shekara dubu takwas, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Shi ma da baffansa ya ce a rufe fa?

Batun me zai ƙara maka, ba zai sauke farashin shinkafa ba kam. Amma kana zaune a gari da ake rantsuwa da tarihinsa, kuma haƙan bincike na ƙa'ida da aka yi a cikin birnin nan bai taka kara ya karya ba, dan ko'ina gida ne da mutane a ciki, ba a tashin unguwa a ce za a duba ƙarƙashinta. Masu sokawe da masu fandesho su ne kaɗai suke ganin cikin ƙasar Kano, kullum, a kowace unguwa, tifa tana kwashewa tana kai wa cikon kududdufi. Nasa ramin an riga an haƙa, kuɗin haƙan ma an biya, hoto da awo kawai ya rage.

Malama_Yar_Mandawari

Ni dai roƙona ɗaya, in an gama a bar tsingaron masu zanen ko guda biyar ne. Ina koyarwa a sakandaren 'yan mata, duk shekara ina kai ɗalibai Gidan Makama suna ganin tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari na ƙarfe, amma wlh rabinsu 'yan cikin gari ne ba su taɓa hawa Dala ba. In na ce musu Barth, Baturen Jamus mai yawon bincike, ya hau dutsen nan a 1851 ya hango gonaki a cikin ganuwa sai su yi ta dariya wai ina aka samu fili. Abin da za su riƙe a hannu a ce daga ƙarƙashin wani gida a unguwarsu ya fito ya fi musu allo goma. In hukuma ta yarda kenan, kar in ja wa kaina.

Kuma a gaishe da Umma, a ce ta koma ɗakinta, mu da muke cikin gari duk a kan na da muke kwana.

Ɗan_Gindin_Dala

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Ga inda aka kwana.

Na karanta wa Baffa amsar Almajirin_Madabo da ta Jikan_Magini, ta Malam na Zariya kuma na taƙaita masa dan ya ce ta yi tsawo. Jiya bayan la'asar ya kira wani abokinsa tsohon mahauci, dattijon ya sa tsani ya sauka da tocila ya daɗe a ciki, ya fito yana karkaɗe riga ya ce muƙamuƙin saniya ne da ƙafafuwan awaki, har da sawun wuƙa a jikin ɗaya, ya ce ko waye ya yi fiɗar nan ya iya aiki. Umma ta ce duk da haka sai an yi sadakar, an yi waina an raba wa almajirai, amma ta koma ɗakinta.

Abin mamaki da Baffa ya ga baƙin dutsen a hannuna sai ya yi shiru, can ya ce ai kakarsu tana cewa asalin gidan na maƙera ne kafin kakanmu ya saya, shi bai taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci ba. Yanzu shi ne yake hana yara zuwa bakin ramin. Sharaɗinsa ɗaya, duk wanda zai zo ya zo shi kaɗai ba da mota mai tambari ba, kar unguwa ta taru.

Na ɗau hotuna da tef kamar yadda aka ce, na je Gidan Makama da safe na nuna, sun karɓi lambata za a zo a duba. Sokawen kuma za a mayar da shi ta wajen ƙofar baya, masu haƙan sun ce sai an biya su kwana biyun da suka zauna, mai maganar dillalin dai na sallame shi. Malama in an ba da izini zan ajiye miki tsingaron.

Matsalata yanzu hadari ne yake haɗowa tun azahar. Na rufe bakin ramin da kwano biyu da tamfol na danne da bulo, Malam Mai_Bin_Kufai hakan ya isa ko in zagaye shi da buhunan yashi saboda ruwan indararon soron kaka a daidai wajen yake zuba?